Tangaran ɗin Umma da Bangon Hawa na Biyar

Duk wanda ya tambaye ni wace na'ura zai saya ya gano katakon da ke ɓoye cikin bango, ba na saurin ba shi amsa. Sai na fara tambayarsa, gidan naku tsoho ne ko sabo? Wasu har haushi suke ji, su ce ke dai faɗa mana wadda za mu saya mu wuce. To ni ba a tsaye na koyi abin nan ba. Da ramuka bakwai na koya, a bangon falonmu, a gaban Babana. Kuma in dai na samu mai saurare, daga farko nake ɗauko labarin, saboda haka sai a yi haƙuri da ni.

A Bronx muke, wani layi bayan Fordham Road, hawa na biyar a wani tsohon bene na jan bulo da lif ɗinsa ke aiki ranar da ya ga dama. Ina 'yar shekara sha huɗu muka zo ni da Umma, muka tarar da Baba, wanda ya riga mu zuwa da daɗewa. Tasi yake ja a nan. Amma a Kano magini ne, kuma ba ƙaramin magini ba, akwai gidaje a unguwarmu da har yau in an wuce sai a ce wannan hannunsa ne. Da zai taho bai bar kayan aikinsa duka ba. Akwai wata tsohuwar jaka a saman kabad, cikinta da guduma, da cokalin gini, da zare mai ɗan ƙarfe a baki na duba miƙewar bango, da siririn tiyo na awon ruwa, sai ƙusoshin kankare cike da gwangwanin madara.

Ita kuwa Umma abin da ta zo da shi tangaran ne. Farantai goma sha biyu da babban kwanon miya mai murfi, farare da fure shuɗi, bakinsu zagaye da ruwan gwal. Na jerenta ne, mahaifiyarta ce ta tara mata su ɗaya-ɗaya. Ba ta yarda sun shiga cikin kaya ba, a zannuwa ta naɗe su ta rungume jakar a cinya tun daga Kano har muka sauka. A ɗakinta na gida a kan wata kantar katako da ke jikin bango suke, can sama, inda duk wadda ta shigo su za ta fara gani. Don haka sati biyu da zuwanmu ta ce wa Baba, Malam, a yi mini kanta.

Ga inda matsalar take. A gida bango bango ne. Bulo ne da siminti, duk inda ka ga dama ka kafa ƙusa, in dai ta shiga to ta zauna, har jikokinka su zo su rataya kaya a kanta. Baba ya fi shekara ashirin yana aiki da wannan sanin, kuma bai taɓa ba shi kunya ba. Ya sayo katako ya goge shi, ya samo ƙarafan tallafi guda uku, ya ɗauko ƙusoshinsa na kankare ya buga. Na tuna ya ɗan tsaya ya ce bangon nan yana da taushi, amma ya ci gaba. Umma ta jera tangaran ɗinta, ta ja baya ta kalla, ta gyara ɗaya, ta sake ja da baya.

Kwana tara kantar ta yi. Ranar Lahadi muna cin tuwo da rana, ba wanda ya taɓa ta, ba wanda ya ko wuce ta kusa, sai kawai ta sunkuyo kamar mai gaisuwa ta zube. Farantai huɗu suka tafi, da murfin kwanon miyar. Umma ba ta yi kuka ba. Ta wanke hannu ta ɗauko tsintsiya. Ragowar ta mayar cikin zannuwansu ta tura ƙarƙashin gado, shi kuma Baba ya mayar da guduma cikin jaka ya ɗora a sama. Abin da ya ce kawai shi ne, bangon ƙasar nan kwali ne. Shekara biyar ba a sake rataya komai a gidanmu ba. Ko kalanda da salatif muke manna ta.

Ni kuma a cikin shekarun nan wani abu ya shige ni. Da famfon kicin ya fara. Yana ɗiga, sufan gidan, wato mutumin da ke kula da benen, kullum sai ya ce gobe, ni kuma na gaji da jin ɗis-ɗis na buɗe waya na nemi bidiyo. Ashe wata 'yar roba ce ta cinye. Da na canza ta famfon ya yi shiru, wallahi ji na yi kamar an miƙo mini mukullin gidan gaba ɗaya. Daga nan ban tsaya ba. Hannun ƙofa, ƙafar kujera, tagar da ba ta rufuwa sai an yi mata duka. Albashina na farko a kantin maganin da nake aikin rabin yini, ƙawayena suka ce mu je Harlem wajen teloli mu yi ɗinki, ni na je na sayo injin huda mai batir. Umma ta kalle shi, ta kalle ni, ta ce Allah ya shirya. Ni ce 'yar fari, ba ta kiran sunana, ba ta kuma yaba ni a gabana. "Ke" ce kawai, ko "yarinyar nan" in da wani take magana. Na saba, ban taɓa ɗauka da zafi ba.

A bazarar da na cika sha tara, Umma ta sa aka kawo duro, irin shuɗin nan na roba da ake cikawa da kaya a aika gida ta jirgin ruwa. Duk shekara muna yi, shinkafa, man girki, sabulu, takalman yara. Amma wannan karon na dawo daga makaranta ranar Litinin na tarar ta jawo jakar ƙarƙashin gado tana ƙara naɗe farantan da tawul. Na ce Umma ina za su? Ta ce wajen ƙanwarta, can akwai bango.

Na ce, "Ki bar su mana."

Ta ce, "In bar su su yi me? Kaya a ƙarƙashin gado ai ba kaya ba ne. Gara su je inda za a gan su."

Mai ɗaukar duro zai zo Asabar ta sama, kwana goma sha biyu ke nan. Ni dai abin da na sani, su kaɗai ne abin kakata da ke gidan nan, kuma tun da aka yi wa Umma aure ba ta taɓa zama a gari su suna wani garin ba. In suka tafi, gangar jikinta ce kawai za ta rage mana a Bronx.

Na jira Baba ya dawo aiki da la'asar, ya zauna da shayinsa, sannan na ce ina so in gwada yin kanta. Shi Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Ya ce, "Uwata, ni da na tayar da bene hawa uku bangon nan ya kayar da ni. Ke da waya za ki kayar da shi?"

Na ce akwai katako a ciki, masu kauri, a tsaye daga ƙasa har sama, su ne ke riƙe da bangon, in aka samu ɗaya aka ɗaura sukuru a jikinsa ko mutum zai ɗauka. Ya ce kin gani da idonki? Na ce a bidiyo. Ya yi dariya har sai da ya ajiye kofin. Ya ce to ki nemo shi, amma kar ki taɓa kayan uwarki sai na gani. Ni a wajena wannan izini ne, ban tsaya neman ƙari ba.

Da ƙwanƙwasawa na fara, don a bidiyo mutumin bi kawai yake yi da yatsa, nan ya ji fanko, nan ya ji tauri, shi ke nan ya gano. Na bi bangonmu daga wannan kusurwa zuwa waccan har gaɓoɓin yatsuna suka yi ja. Ko'ina sauti ɗaya. Maƙwabciyarmu ta ɗaya gefen ma sai da ta gaji ta rama.

Washegari na shiga babban kantin kayan gini na sayo na'urar da kowa ke nunawa. Rawaya ce, mai batir, ana shafa ta a bango, in ta zo kan katako sai ta kunna jar wuta ta yi ƙara. A cikin jirgin ƙasa na yi ta leƙa ledar ina murmushi ni kaɗai. Da na iso ko mayafi ban cire ba na ɗora ta a bango. Na ja ta a hankali, ta yi ƙara. Na sa alama da fensir, na ɗauko injina da siririn bakin huda. Farar ƙura ta fara fitowa, can sai ga garin katako. Na ce na same shi. Ban rufe baki ba injin ya faɗa ciki zuruf, babu komai a baya sai iska.

Na ce ƙila hannuna ne ya karkace. Na sake shafawa. Wannan karon a wani wuri daban ta yi ƙara. Na dawo da ita baya, ta yi shiru a inda ta yi ƙara ɗazu. In na ja ta daga hagu maganarta daban, in na ja daga dama daban. Na canza batir, na karanta takardar da ke ciki har da ɓangaren Sifaniyancin da ba na ji. Cikin kwana biyu na yi rami bakwai, kowanne labarinsa ɗaya: ƙura, ɗan garin katako, sai zuruf.

Ranar Alhamis Baba ya tsaya gaban bangon hannu a baya. Ya je ya zaro tsinke daga tsintsiyar Umma, ya zura a rami na farko, tsinken ya shige gaba ɗaya. Ya bi su duka bakwai, bai tsallake ko ɗaya ba. Sannan ya ce, "Naki ramukan dai sun fi nawa tsari." Bai faɗa da mugunta ba, shi ya sa ma ya fi yi mini ciwo. Umma tana zaune gefe tana jera sabulai a duro, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Ranar Juma'a na tafi da na'urar wajen aiki da niyyar in na tashi in mayar musu da kayansu. A ɗakin ajiya na ce bari in gwada ta sau ɗaya. Kantin namu sabon gini ne. Na shafa, ta yi ƙara. Na ci gaba, shiru, shiru, sai ƙara. Na auna tsakaninsu, inci goma sha shida. Na gaba ma sha shida cif. Daga hagu, daga dama, magana ɗaya. Na tsaya riƙe da ita kamar wata sokuwa. Ashe na'urar ba ta yi mini ƙarya ba, bangonmu ne ba irin wanda aka yi ta dominsa ba. To wane iri ne?

Lif ne ya ba ni amsa, don ranar ma bai ga damar aiki ba. Ina hawa matakala, a hawa na uku na ga ƙofar wani gida a buɗe, ƙura ta cika wurin, ana gyara bayan masu haya sun tashi. Sufa na tsaye a ciki. Na gaishe shi na ce ko zan iya leƙawa, ya ɗaga kafaɗa. An fasa rabin bangon falon, kuma falon daidai yake da namu.

Na daɗe ban ga abin da ya faranta mini rai kamar cikin bangon nan ba. Ga katakan nan masu kauri a tsaye, yadda na faɗa wa Baba. Amma a kansu an gicciya wasu siraran katakai, faɗinsu bai fi yatsu biyu ba, ɗaya bisa ɗaya tun daga ƙasa har silin, da 'yar tazara a tsakani, sannan aka yaɓe su da filasta mai kauri har ta kutsa ta bayansu. Su ne garin katakon da nake gani kafin in faɗa rami. Su ne kuma suka rikita na'urar, don ita kauri take ji, a nan kuwa ko'ina katako ne, ko'ina kaurin daban. Sabbin gidaje allo ne shafal aka manna, shi ya sa can take aiki lafiya.

Sai na matsa kusa na ga abin da ya fi komai. Kowane siririn katako, a daidai inda ya haɗu da babban, an buga masa 'yar ƙusa. Ƙusa, ƙusa, ƙusa, a layi ɗaya daga sama har ƙasa. Ba katako ya kamata in nema ba ashe. Ƙusa zan nema, ita za ta kai ni. Na ɗauki hoto ya fi goma. Na roƙi sufa ya bar ni in ɗauki gutsuren filasta da tsohuwar ƙusa ɗaya daga cikin shara, ya dube ni yadda Umma ta dubi injina, ya ce in kwashe duka in ina so. Na kuma tambaye shi maganar kanta, ya ce ba ruwansa in dai za mu toshe ramuka ranar da za mu tashi.

Ina shiga gida na ɓamɓaro mayen ƙarfen da ke jikin firij na bi bango da shi. Bai ji komai ba, ba shi da ƙarfi. Ban karaya ba.

Da safiyar Asabar na je wani ɗan shagon kayan gyara da ke gefen Fordham, wanda wani dattijo mutumin Kumasi ke tsaro. Hausar zango yake yi, wadda kowa "kai" ne a wajenta. Na ce Kawu, abin neman ƙusa cikin bango nake so. Ya fito da abu uku ya jera a kan tebur. Na farko babba ne mai gilashi kamar waya, wai yana gani har can ciki. Na biyu irin tawa ce amma da maɓallin neman ƙarfe. Na uku kuwa mayen ƙarfe ne zalla, ɗan dunƙule mai sheƙi, bai fi ɓarin goro ba, ba batir, ba wuta, ba ƙara. Ya ce maza babban suke ɗauka, don in suka fito da shi a gaban matansu yana walƙiya.

Na buɗe jaka na fito da gutsuren filastata da ƙusar. Na ajiye ƙusar a tebur, na kifa filastar a kai, na ce mu gwada. Ya cire tabarau ya kalle ni.

Ya ce, "Kai yarinya, ka zo da bangon gidanku kasuwa?"

Na ce eh, don an riga an cuce ni sau bakwai. Ya yi dariya ya kira wani da ke bayan shago ya zo ya gani. Babban mai gilashi ya yi ta zane-zane bai tsayar da magana ba. Mai maɓallin ƙarfe ya ji ƙusar, gaskiya ya ji, amma faɗin wurin da ya nuna ya kai tafin hannuna, ni kuwa daidai kan ƙusar nake so. Da na kawo ɗan dunƙulen kusa, kafin ma in sauke shi ya fizge daga yatsuna ya manne, ƙas. Na matsar da shi gefe ya sake, na dawo da shi ya kama. Na ce wannan. Dattijon ya ce shi ne mafi araha a shagon kuma na ɓata masa ciniki, amma ya naɗe mini shi a takarda da kansa, ya ce in raba shi da waya da katin banki.

A gida na lulluɓe shi da ɗan ƙyalle don kar ya karce fenti, na ɗaura masa zare, na riƙe zaren ina jan shi a hankali a jikin bango kamar mai kamun kifi. Baba ya dawo da wuri ranar, yana kan kujera yana duba waya, wai. Na yi minti biyar ba labari. Can sai zaren ya yi sako-sako a hannuna. Na saki. Ɗan dunƙulen ya tsaya a bango shi kaɗai, ba abin da ke riƙe da shi.

Na riga na koyi kar in yi murna da wuri. Na sa alama, na ja shi sama kaɗan ya sake, na ƙara ya kama. Na sa alama. Ƙasa ma haka. Kafin a jima ina da ɗigo takwas a layi ɗaya, kuma layin ya ratsa ne ta tsakanin ramina na uku da na huɗu, bai taɓa ko ɗaya ba. Kusa da taga na ci karo da wani wurin da ya kama ya ƙi saki, daga sama har ƙasa jan ɗaya. Wannan ba ƙusa ba ce, bututu ne ko wani dogon ƙarfe, na zana masa babbar alamar X na bar shi. Wannan a riƙe shi da kyau: ƙusa kamawa take ta saki, ta kama ta saki. Abin da ya riƙe bai saki ba, kar a huda.

Ban san lokacin da Baba ya taso ba, sai jin numfashinsa na yi a bayana. Na miƙa masa wayata da hotunan hawa na uku. Ya daɗe yana kallo, yana buɗa hoton da yatsu biyu. Ya ce, "Af. Ai wannan danga ce aka yaɓe." Ya ce a ƙauyen kakanninsa haka ake yi, a kafa dirka, a gicciya kara, a bi da laka, kuma ba mahaukacin da zai rataya kaya a jikin kara ya bar dirka. Sannan ya ce a hankali, shekara biyar yana zagin bango bai taɓa tambayar me ke cikinsa ba. Ya karɓi zaren a hannuna. Da ɗan dunƙulen ya fizge ya manne, sai da ya ɗan ja baya, ya sake yi, ya sake, kamar yaro.

Ranar Lahadi ya sauko da jakar daga saman kabad. Ni na samo layuka uku, biyu tazararsu sha shida, na ukun ya gaza kaɗan, tsohon gini ba ya bin littafi. Baba ya saki zarensa mai ƙarfe a kan kowane layi ya daidaita ɗigona. Na ja layin da kantar za ta zauna da ɗan awon da ke cikin wayata, ya kalla ya ce ya karkace. Na ce waya ce fa ta auna. Ya cika tiyonsa da ruwa, ya ba ni baki ɗaya ya riƙe ɗaya, muka kara a bango. Ya karkace ɗin. Ban yi musu ba, na goge.

Sai huda. Ya ce ke za ki yi, injinki ne. Ƙura ta fito, garin siririn katako ya fito, ina jiran zuruf. Bai zo ba. Injin ya canza murya, ya yi nauyi a hannuna, wani jan gari mai ƙamshin tsohon itace ya fara zubowa. Baba ya tara tafin hannu ya shinshina. Ya zura tsinken tsintsiya, tsinken ya tokare. Muka ɗaura ƙarafan tallafin nan uku na da can da dogayen sukurori shida, kowanne sai da injin ya yi gurnani kafin ya shige, sannan muka ɗora katakon a kai.

Na juya ina neman Umma. Tana ƙofar kicin tana yankan kuɓewa. Ta ce waccan ma ai ta yi kyau ranar farko.

Baba ya ce gaskiyarta. Ya je ya ciro buhunan shinkafa biyu daga cikin duron da ta sha wahalar shiryawa, ya ɗora a kan kantar, ya ce ba mai sauke su sai Laraba. Umma ta ce an dai wargaza mata kaya. Kwana uku baƙi na shigowa suna ganin shinkafa a inda ake sa kayan ado, ba wanda ya yi bayani. Kullum da safe kafin in fita sai na kara kati a tsakanin ƙarfen da bango in ga ko ya buɗe. Bai buɗe ba. Ranar Laraba Baba ya sauke buhunan, ya cire hula ya ba ni, ya kama kantar da hannu biyu ya ɗage ƙafafunsa daga ƙasa. Mutum mai shekara hamsin da wani abu, yana lilo a falo, yana kallon matarsa.

Ta ce, "Malam, sauko kar ka karye."

Ranar Alhamis na dawo na ga faranti ɗaya a kan kantar. Wanda bakinsa ya ɗan ɓalle ne tun faɗuwar farko, wanda in ya tafi ba a yi babbar asara ba. Ranar Juma'a da safe yana nan. Da na dawo da yamma su takwas ne a jere, kwanon miyar a tsakiya ba murfi, Umma tana tsaye ta ja baya tana kallo. Ta matsa ta gyara ɗaya, ta sake ja da baya. Na wuce ɗaki a hankali kamar ban gani ba, na rufe ƙofa, na yi rawa ni kaɗai ba kiɗa.

Mai duro ya zo Asabar da hantsi. Gurbin da tangaran ya bari da taliya aka cike shi. Bayan ya tafi Umma ta kira ƙanwarta, ina kicin ina wanke-wanke, ta kuma san ina ji. Ta lissafa mata abin da ke ciki, sannan na ji ta ce, a'a, waɗannan sun fasa tahowa, sun samu wuri. Can aka yi tambaya. Ta ce, "Yarinyar nan ce. Da wani ɗan ƙarfe." Ta ƙara da cewa, "Hannun ubanta ne da ita." Na bar famfo yana zuba don kar a ji ni.

Ramukan nan bakwai ni na toshe su, Baba ya bi da cokalin gininsa ya shafe har ba a gane wurin. Rawayar na'urar ban mayar ba, tana nan, ita nake ɗauka in gidan sabo ne, kuma tana aikinta tsaf. Ɗan dunƙulen kuwa sai da na sayi wani, don na farkon Umma ta ƙwace. Yana cikin kwanon miya, a kan kanta. In matan benen suka zo aro, ita ke sauko da shi, ta kuma ce a dawo mata da shi kafin magariba.